Dokta Sharhabil Audi da Itatuwan Kurmin Bawa

Haihuwa da asali

An haifi Dokta Sharhabil Audi ranar Litinin, 4 ga watan Maris, 1957, a Unguwar Shanu cikin garin Kaduna. Mahaifinsa shi ne Malam Audi Kafinta, Bazazzagin da sana'ar katako ta kawo Kaduna, mahaifiyarsa kuwa Malama Kaltume, 'yar wani maɗinki da ke Kawo. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai Allah ya jarraba da son bishiya tana tsaye, a gidan da ba a ganin amfaninta sai ta kwanta.

Mai karanta wannan tarihi ya riƙe abu ɗaya tun daga farko, domin a kansa rayuwar mutumin ta ƙare. Shekara talatin da biyu Dokta Sharhabil ya yi yana neman takarda guda ɗaya tak, wadda za ta hana a yanka hekta huɗu na wani daji da ke bayan Rigachikun. Digiri ya samu, suna ya yi har ƙasashen da bai taɓa takawa ba, amma wannan takarda ta gagare shi, kuma abin haushin shi ne ba wanda ya taɓa ce masa a'a.

Karatu

An sa shi makarantar allo yana ɗan shekara biyar, ya shiga firamare a 1964, ya wuce sakandare a 1971, inda malamansa suka shaide shi da ƙwazo a ilimin halittu da kuma yawan gardama. A 1978 ya samu gurbin karatun ilimin gandun daji a jami'a a Ibadan. Ranar da ya kai wa mahaifinsa labari, Malam Audi ya ajiye zarto ya dube shi sama da ƙasa.

"Wato shekara huɗu za ka yi kana karanta itace," in ji tsohon, "kuma ka fito ko benci ba ka iya haɗawa ba?"

Da ya ga yaron ba shi da niyyar canja shawara, sai ya ɗauko wata tsohuwar gudumarsa mai ƙotar ƙirya ya miƙa masa, ya ce tunda dai ya ƙi sana'a, aƙalla ya riƙa buga ƙusa a miƙe, kada ya kunyata gidansu. Da wannan guduma ya tafi Ibadan, da ita ya dawo a 1982, kuma ita ya riƙe har ƙarshen aikinsa.

Fara aiki da aure

Bayan ya kammala bautar ƙasa, a 1983 ya kama aiki a wata cibiyar binciken gandun daji da ke Kaduna. A watan Afrilun 1984 ya auri Malama Jummai, malamar firamare, 'yar wani ma'aikacin gwamnati, suka tare a wani ɗan gida a Malali. A 1986 aka tura shi Birtaniya ƙarin karatu, ya dawo a 1990 da digirin digirgir da kuma wata aƙida da ba ta sake barinsa ba: cewa ba a sanin halin daji da ziyara ɗaya, sai an zaɓi wuri guda an riƙa auna itatuwansa ɗaya bayan ɗaya, kowace shekara, har tsawon rayuwar mutum, in da hali ma a wuce haka.

Kurmin Bawa

A watan Nuwamban 1991 ya samu wurin da yake so, wani yankin daji da ake kira Kurmin Bawa, wanda rafi ya ratsa ta gabas. Wanda ya kai shi shi ne Malam Gambo, mai gadin daji, jikan maharbin da aka sa wa kurmin sunansa. Malam Gambo ya girme shi da shekara shida, bai yi boko ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya ɓoye ra'ayinsa a gaban wanda ya yi ba.

Suka shata hekta huɗu, suka ƙidaya duk bishiyar da kaurinta ya kai na dantsen mutum, suka samu ɗari huɗu da goma sha biyu: doka, marke, ƙirya, maɗaci, maje, kaɗanya, ɗorawa da sauransu. Kowacce Dokta ya kafa mata ɗan faifan alminiyam mai lamba da gudumar mahaifinsa, sannan ya zagaya ta da tef daidai tsayin ƙirji, ya rubuta kaurinta a littafi. Aikin ke nan, ba wani abu ba. Sai dai dole a maimaita shi kowane Nuwamba, a kan bishiyar nan dai, a daidai wurin nan dai, domin in aka rikita lamba ko aka rasa bishiya, awon shekarun baya ya zama tarin alƙaluman da ba su da ma'ana.

Ganin haka ne ya sa a watan Fabrairun 1992 ya rubuta takardarsa ta farko yana roƙon a ba wurin kariya ta doka. Ofisoshin da abin ya shafa guda uku ne, ba za a ambaci sunayensu a nan ba, sun dai san kansu. Aka buɗe masa fayil, aka ba shi shayi, aka ce ya dawo bayan mako biyu.

Iyalinsa ma sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun kurmin. A Nuwamban 1993 aka haifa masa 'yarsa Nafisat, ranar suna ta faɗo tsakiyar awo. Ana shafa fatiha da safe ya hau babur, kafin a gama feɗe rago yana can Rigachikun yana rungume da wata doka. Malama Jummai ba ta manta da wannan ba, kuma ba ta bari ya manta ba. Daga shekarar ta kafa doka a dangi cewa duk mai son ganin mijinta a bikinsa ya nemi wani watan.

Abin da awon ya nuna

Zuwa 1999 littattafan awon sun fara magana. Dokta ya gano cewa a Kurmin Bawa, kututturen da aka bari ya tofo ya fi dashen sabon tsiro saurin zama bishiya nesa ba kusa ba, kuma wutar da aka sa wa daji da wuri, tun ciyawa na da ɗanye, ba ta kashe 'ya'yan itatuwa kamar wadda ta tashi a tsakiyar rani. Ya wallafa wannan a wata mujallar kimiyya, ya yi ta murna. Da ya karanta wa Malam Gambo, sai mutumin ya ce ai kakarsa ma ta san haka, kuma ita ba ta ɓata shekara takwas ba. Dokta ya yi fushi na kwana biyu, a na uku ya amince cewa gaskiya ce, amma ya ce kakar ba ta da alƙaluma.

Kofi uku na mujallar ya kai ofisoshin nan uku, yana ganin yanzu kam magana ta ƙare. Kofi ɗaya ya same shi bayan wata shida an tokare ƙafar tebur da shi. A wannan shekarar kuma aka gayyace shi bikin dashen itatuwa, inda wani darakta sanye da farar shadda ya dasa tsiron bishiyar turare guda ɗaya, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, awaki suka cinye shi kafin Juma'a. Sau goma sha tara Dokta ya halarci irin wannan biki a rayuwarsa, a ƙarƙashin daraktoci bakwai, kuma kusan duk a rami ɗaya ake dashen. Kowane lokaci yakan matsa kusa da babban baƙo ya ce, ranka ya daɗe, akwai manyan itatuwa ɗari huɗu da ba sa buƙatar ban ruwa, sa hannu kawai suke jira. Kowane lokaci kuma akan ce masa ya kawo a rubuce.

Satar lambobi

A watan Oktoban 2004, saura mako uku awo, masu tara ƙarafa suka shiga kurmin suka ɓamɓare faifan alminiyam ɗari uku da sittin, suka kai wa masu narkawa su yi tukwane. Dokta ya zauna a tsakiyar itatuwan da suka koma ba suna, yana cizon yatsa. Aikin shekara goma sha uku ne aka mayar da shi tukunyar miya, kuma duka fayafayan ba su isa su yi tukunya biyu ba. Taswirar da ya zana a 1991 ba ta iya raba doka da 'yar'uwarta in suna kusa da juna, doka kuwa ta fi ɗari a wurin.

Malam Gambo ne ya fitar da shi. Ashe duk shekarun nan da yake riƙe bakin tef yana jin ana kiran lambobi, ya haddace su, ya kuma haɗa kowacce da wata alama tasa.

"Likita, daina cizon yatsa, taso," in ji shi. "Waccan mai gidan tururuwa tamanin da takwas ce. Wannan da tsawa ta fasa wa reshe ɗari da shida. Marken can na bakin rafi, mai karkata kamar zai sha ruwa, ɗari biyu da goma sha bakwai ne. Kai dai rubuta."

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Dokta bai yarda da baki kawai ba, duk bishiyar da Malam Gambo ya kira sai ya auna ta ya gwada da awon bara, kuma cikin ɗari uku da sittin, huɗu kaɗai suka kasa tabbatarwa. Sababbin fayafayan da ya kafa ya nutsa ƙusoshinsu sosai, da gangan, don ɓawo ya haɗiye gefensu ya hana ɓarawo samun wurin sa wuƙa.

Haɗin gwiwa da masanan waje

A 2006 wata farfesa daga wata jami'a a ƙasar Sweden, wadda ke tattara awon itatuwa daga sassan Afirka, ta ci karo da rubutunsa, ta zo Kaduna da kanta. Ta shaida masa cewa wurare ƙalilan ne a duk yankin da aka auna shekara goma sha biyar a jere ba fashi. Daga nan Kurmin Bawa ya shiga wani babban haɗin gwiwa da ya ƙunshi masana daga Ghana, Burkina Faso, Kamaru, Brazil da Turai, masu binciken yadda dazuzzukan ƙasashe masu zafi ke shanye iskar da ke ɗumama duniya.

Wannan haɗin gwiwa ya ɗaukaka sunansa, bai kuma rage masa hawan jini ba. A maƙalar farko da suka fitar a 2009, sunansa ya zo na talatin da ɗaya cikin marubuta arba'in da huɗu, a bayan wani saurayi da bai taɓa ganin doka ba sai a kwamfuta. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne an sa Malam Gambo a ƙasan shafin ƙarshe, cikin godiya ga "mataimakan gida", ko suna babu. Ya rubuta wa farfesar cewa in ba don wannan mataimakin gida ba, da abin da ke hannunsu daga Kaduna bai wuce tukwane biyu ba, kuma ba zai sake aika ko awo ɗaya ba sai an gyara. Wata bakwai ana musayar wasiƙu. A 2011 sunan G. Bawa ya fito cikin jerin marubuta a wata babbar mujalla ta duniya. Da aka nuna wa mai sunan, sai ya tambaya ko hakan zai sa a gyara masa tayar kekensa.

Tsakanin 2009 da 2022 Dokta Sharhabil ya sa hannu a maƙaloli sittin da uku, masana suka kafa hujja da su sau dubbai, ya yaye ɗalibai goma sha huɗu masu manyan digiri, waɗanda tara daga cikinsu a Kurmin Bawa suka yi bincikensu. Ɗalibai a ƙasashen da ƙanƙara ke zuba sun san kaurin marke mai lamba 217. A Kaduna kuwa, tafiyar minti ashirin daga wurin, fayil ɗin ya ɓata sau biyu, ruwa ya jiƙa shi sau ɗaya, an kafa masa kwamiti huɗu, an kuma nemi ya sake kawo taswira sau shida saboda kowane sabon darakta ba ya aiki da ta wanda ya gada.

A nan ne ya yi kuskuren da sai masani ke yi. Ya ɗauka yawan hujja ke motsa fayil, don haka duk zuwa sai ya ƙara masa nauyi: maƙaloli da Turanci, wasiƙun farfesoshin ƙetare, jadawali mai launi. Malama Jummai, wadda ta tashi a gidan ma'aikaci, ta sha gaya masa cewa fayil mai kauri ba a karanta shi, ajiye shi ake yi, ya rubuta shafi ɗaya ya nemi wanda ake jin maganarsa ya raka shi. Ya ce shi ba roƙo ya je yi ba, gaskiya ya kai. A 2018 wani magatakarda ya roƙe shi don Allah ya daina ƙari, domin fayil ɗin ya daina shiga durowa, kuma wanda ba ya shiga durowa a saman kabad ake ɗora shi.

Ritaya da rashin lafiya

Ya yi ritaya a watan Maris na 2022, lokacin da gari ya riga ya ci gonakin da ke tsakanin Rigachikun da kurmin, har ana jin kiran sallar sababbin unguwanni daga bakin rafi. Ritayar ba ta hana shi komai ba. A Nuwamban 2023 shi da Malam Gambo, ɗaya yana da shekara sittin da shida, ɗaya saba'in da biyu, suka yi awo na talatin da uku, suna yi suna hutawa suna musu a kan wanda ya fi tsufa da gani.

Ranar 9 ga Disamba, 2023, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na dama. Yana kwance a gidansa na Malali ya sa ɗansa Jamaluddeen ya rubuta masa takarda ta arba'in da ɗaya, ya sa mata hannu da hagu. A watan Fabrairun 2024 wani kamfanin gine-gine ya shiga Kurmin Bawa da katafila biyu da takardar mallaka mai hatimi, wadda aka ce cikin mako uku ta fito. Kwana tara suka yi, masu itace da masu gawayi na biye da su da motoci.

Malama Jummai ta hana a gaya masa, likitan da ke duba shi ma ya goyi bayanta. Malam Gambo, wanda tun kwanciyar Dokta bai taɓa fashin zuwa duba shi ranar Juma'a ba, ya ce shi ba zai iya zama a gaban mutumin ya yi masa ƙarya ba, ba zai kuma iya faɗa masa gaskiya ba, don haka ya ɗauke ƙafa. Wannan ya ƙona wa Dokta rai ƙwarai. Wata uku yana mita da harshen da ya yi nauyi, yana cewa shekara talatin da uku suna tare, ya yi faɗa da Turawa a kansa, amma ciwo na zuwa Gambo ya watsar da shi. Duk da haka ya sa aka ajiye masa tef da guduma a gefen gado, yana lissafin wanda zai riƙe masa littafi in Nuwamba ta zo.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, daidai da 6 ga Zulƙida, 1445, da hantsi, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansa, aka kai shi maƙabartar unguwa. Cikin masu rakiya har da daraktoci biyu, waɗanda suka shaida wa jama'a cewa ƙasa ta yi babban rashi.

Da aka sa shi a kabari, aka fara miƙo itacen da ake jerawa a rufe kafin a zuba ƙasa, wanda maƙwabta suka sayo da safe a wurin masu itace na bakin titi. Jamaluddeen ne a ciki yana karɓa. A na biyar hannunsa ya ji ƙarfe, ya juya itacen, sai ga ɗan faifan alminiyam da ɓawo ya haɗiye rabinsa, kan ƙusar a miƙe. Ya ɗaga kai yana neman wanda zai tambaya, ya ga Malam Gambo tsugune a bakin kabarin, wanda rabonsa da gidan wata uku ke nan.

"Baba Gambo, wannan fa? In cire?"

Tsohon ya karɓa, ya goge faifan da babban yatsa, ko da yake bai buƙaci ganin lambar ba.

"Marken bakin rafi ne, ɗari biyu da goma sha bakwai," in ji shi. "Bara ya ƙaru da santimita ɗaya da rabi, ni na riƙe tef. Kada ka cire, ɗana. Jera masa abinsa. Nan dai ba wanda zai zo da katafila."

Aka jera shi, aka yaɓe da laka, aka zuba ƙasa.

Marigayin ya bar matarsa, Malama Jummai, da 'ya'ya biyar: Haruna, injiniya a Abuja, Jamaluddeen, malamin sakandare a Kaduna, Nafisat, ma'aikaciyar jinya, Hafsat, mai sana'ar ɗinki a Rigasa, da autansu Anas, ɗalibi a jami'a. Ya bar jikoki goma sha ɗaya, da littattafan awo talatin da uku, da gudumar mahaifinsa, da fayil guda wanda har ranar da ake wannan rubutu yana saman kabad, da rubutun jan biro a bangonsa cewa a duba a ba da shawara. Cikin itatuwa ɗari huɗu da goma sha biyu da ya kafa wa lamba, bai bar ko ɗaya a tsaye ba.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata makwancinsa, ya saukar da shi a inuwar da ba a sarewa.